Akwatin da aka rubuta wa "Goge"

Watan nan Yaya Habu ya cika shekara tara da rasuwa, Allah Ya jiƙansa. Sa'o'ina za su tuna lokacin da aka buɗe tashar talbijin ta kiɗa da waƙa zalla, wadda ake kamawa a duk faɗin ƙasa. Shi aka ba ofishinta na Kano, wani tsohon gida mai bishiyoyin mangwaro a Nassarawa GRA. Waƙoƙin zamani hedikwata ke turowa, shi kuwa ya kafe sai an ba makaɗan gida awa guda kullum.

Ni ƙanwarsa ce, na san wuyar da ya sha. Yakan bi ƙauyuka da kyamara ya dawo da kaset-kaset, ya raba su akwati-akwati, kowanne da sunan abin kiɗansa: Kalangu, Kukuma, Garaya, Goge. Yawancin masu gogen nan ba wanda ya taɓa ɗaukarsu sai shi. Da ciwo ya kwantar da shi, a gabana ya damƙa makullin ɗakin da yake ajiye akwatunan a hannun amininsa Alhaji Tanimu, wanda ya gaje shi a ofis.

Bana Malama Binta, mai koyarwa a Giginyu, ta roƙe ni in samo mata kiɗan kakanta, mai goge ne, ba ta taɓa jin sa ba. Na je ofishin. Alhaji Tanimu ya yi ta kame-kame, can ya ce, "Hajiya, kuskure aka yi. Da muka koma kwamfuta, ma'aikata suka ga an rubuta goge a jikin akwatin, sai suka goge kaset-kaset ɗin da ke ciki."

"Kai kana ina, Alhaji?"

"Ni na sa hannu. Ban duba ba."

Da Yaya yana nan, na san sai ya fara dariya, don mai son wasa da kalma ne. Ni ban ga abin dariya ba. Ma'aikata ban riƙe su ba, rashin sani ya fi dare duhu. Amma Tanimu da shi ake zuwa ƙauyukan nan, ya san rubutun amininsa sarai. Da ɗan gari kan ci gari. An ci amanar yayana, kuma har yau zuciyata ba ta huce ba.

Akwati ukun da suka tsira suna ɗakina, na kwaso su ban nemi izinin kowa ba. Su ne gadonsa, sai kuma abin da ya rage a kunnuwanmu. Na gaya wa Malama Binta gaskiya, na ce ai ni na taɓa jin kakan nata a tashar.

Ta ce, "To Hajiya, yaya kiɗan nasa yake?"