Waƙar da Ta Bi Ƙunshin Dabino

Shekara guda na yi a Dublin ina ƙaro karatun haɗa magunguna, amma abin da na fi tunawa wata bas ce mai hawa biyu, samanta a buɗe, da ke zagayawa da baƙi gidajen marubutan ƙasar Ireland. Mai yi mana bayani ya nuna wata ƙofa ya ce nan wane ya rubuta littafinsa, ya nuna wata gada ya ce nan wance ta saba tsayawa. Kowane gida da ɗan allonsa a bango. Ruwan sama na dukana, amma kishi ya fi shi damuna. Na ce mu fa, ina namu allunan?

Da aiki ya kawo ni Madina na kama haya a unguwar Ƙuba, inda Allah ya haɗa ni da maƙwabciya, tsohuwa Bahaushiya haifaffiyar garin, kowa Hajja yake ce mata. Mahaifinta da ƙafa ya zo daga ƙasar Hausa ya zauna, kuma mawaƙi ne, yana rubuta begen Annabi da ajami. Ranar da na ji haka saura kaɗan in ɓarar da shayin hannuna. Na ce ta nuna mini takardun.

"Babu, ya binti, 'yata," in ji ta. "Shi ba ya ajiyewa. In alhazai za su koma gida sai ya naɗe waƙa ya cusa a ƙunshin dabinonsu. Khalas, shi ke nan, ta tafi."

Raina ya ɓaci da bawan Allahn nan, duk da ya daɗe a ƙasa. Waƙa ɗaya tak ta rage, wadda Hajja ta haddace, ita ma ƙarshenta ya sulale mata. Duk sanda ta ɗauko ta, wuri guda take cijewa, ta ce akwai saura. Ta gaya mini ba ta son ta mutu ba ta sake jin ƙarshen nan ba.

Ni kuwa da ilimina na Dublin, na yanke cewa maganin shi ne ta ga inda gidan mahaifin nata yake. Madina ma akwai irin bas ɗin nan ta masu ziyara. Wata Asabar bayan la'asar na ja ta, tana mitar gwiwa, muka hau sama. Aka ba mu abin saƙalawa a kunne mai bayani, ta mayar musu.

"Ni za a gaya wa Madina? Yalla, mu je."

Da muka iso kusa da Harami na zaro waya, na shirya ɗaukar hoto.

"Hajja, ina ne gidan?"

Ta nuna wani dogon otal. Ta ce a'a, can ne. Ta nuna farfajiyar da aka shimfiɗe da farin dutse, ta sauke hannu.

"Wallahi ma adri, 'yata, ban sani ba. Da akwai rijiya a bakin lungun."

Ba rijiya, ba lungu, ba bangon da za a manna wa allo. Kunya ta kama ni. Na wahalar da tsohuwa, na kuma nuna mata abin da ta rasa. Na mayar da wayar jaka.

Sai da bas ta miƙi hanyar Uhudu, dutsen ya fito ja a gabanmu, na ji ta fara rerawa ƙasa-ƙasa, don ta lallashi kanta ne ko ni, oho. Ta zo wurin da take cijewa, ta cije.

Wata murya daga bayanmu ta ɗora.

Muka waiga. Wata dattijuwa ce cikin 'yan umra, carbi a hannu, tana ci gaba da baitocin hankalinta kwance. Ta kai har ƙarshe ta shafa. Hajja ta damƙe mini hannu har na ji zafi.

"Baiwar Allah, ina kika samo ta?"

"Daga Damagaram nake, Yaya. Kakana ne ya tsince ta a dabinon hajjinsa. A gidanmu da ita ake niƙa, da ita ake yi wa jarirai rarrashi."

Na roƙe ta ta maimaita, wannan karon ina naɗar muryarta a waya. A baitin ƙarshe, kamar yadda mawaƙa suka saba, mahaifin Hajja ya rufe da addu'a. Ya roƙa wa iyayensa gafara, sannan ya roƙa wa 'yarsa ta goye tsawon rai da kyakkyawan ƙarshe, ya ambaci sunanta na yanka. Ni ban taɓa jin sunan ba sai ranar.

Dattijuwar ta ce tun suna yara suke cewa amin a wurin nan, ba su san ko wace ce ba.

Hajja ta goge ido da gefen mayafinta, ta yi dariya.

"Ni ce. Ashe ku ne kuka hana ni mutuwa."