Malam Falalu, Wanda Ya Wanke Nonon 'Yata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Asabar, sha biyu ga watan Rajab na wannan shekara ta 2001, Allah ya karɓi ran Malam Falalu Kiyawa, mai gwajin jini da fitsari a asibiti a Dutse. Labari bai iske ni a Buji ba sai bayan sadakar uku, a bakin wani dillalin shanu, alhali a cikin danginmu akwai waɗanda suka ji suka yi gum. Allah yana kallo.

Malam Falalu, ban yi boko ba, da ajami na rubuta wannan aka juya mini, don waɗanda ba su san abin da aka rasa ba su sani.

'Yata Ikilima tana auren Sharhabilu, ɗan yayana Hussaini. Haihuwa uku ta yi, babu jaririn da ya ga arba'in: amai, ido ya yi rawaya, sai kabari. Tsofaffin gidan suka tatsi nononta a ludayi, suka jefa tururuwa, tururuwa ta mutu, aka ce mugun nono gare ta. Na ukun aka cire shi daga mama aka ɗora shi kan madarar saniya, shi ma ya bi 'yan'uwansa. Ban ji wanda ya zargi saniya ba.

Da aka haifi na huɗu, Abdulrauf, ya fara irin aman nan, na ɗauko shi da uwarsa muka zo Dutse. Likita ta turo mu ɗakinka, ka nemi fitsarinsa. Na hana, don a wurinmu ba a miƙa wa baƙo fitsarin jariri. Ka yi dariya ka ce, "Baba, in sammu zan yi, ai garkenka zan nufa. Shigo ka tsare kayanka."

Na shiga. A gabana ka ɗiga shi cikin wani ruwa shuɗi, ka kara a wuta, ya juye ya zama kamar jar ƙasa. Tsinken da kuke gwada ciwon suga da shi kuwa bai nuna komai ba. Ragowar fitsarin, da ƙafarka ka kai Kano ranar hutunka. Da ka dawo, kai da likita kuka ce jikin yaron ba ya iya sarrafa zaƙin da ke cikin nono, na uwa ko na saniya, kuma gado ne, ba ya fitowa sai uwa da uba duka suna ɗauke da shi.

Ka dubi idon makiyayi ka ce masa nono ne ke kashe masa jikoki! Har gobe ina ganin da ka sassauta lafazi. Amma an sa yaron kan madarar waken suya irin ta jarirai, kai ka nemo ta, kuma ga shi nan yana bin maruƙa. Furarsa da tsamiya ake dama masa, bai san ɗanɗanon kindirmo ba.

Ƙorafina a kanka guda ne. Hussaini ya rantse babu wannan abu a jininsa, kamar ba ciki ɗaya muka fito ba, matan gidansa kuma har yau ba sa barin Ikilima ta taɓa ƙwaryar tatsa. Ni suna cewa tsufa ne ke damuna. Ka yi mini alkawarin za ka zo Buji da kayan aikinka, ka faɗa musu da bakinka. Ka ce bayan salla, ka ce bayan damina. To ga gero an yanke, Malam, kai kuma ka kwanta.

Yanzu Ikilima tana da wani cikin, ta shiga watan haihuwa, na kuma ji an wanke ludayin nan. Ranar da ta sauka, da sandata zan zauna a ƙofar ɗakinta. Ni zan kawo su Dutse, kuma duk wanda aka ɗora a kujerarka sai ya dafa fitsarin a gabana, kamar yadda ka saba mini.

Ina miƙa ta'aziyya ga iyalinka Malama Hindatu da yara a unguwar Yalwawa, da abokan aikinka. Allah ya ba su haƙuri, ya raya abin da ka bari. Jinkirin nan na yafe maka, kai ma ka yafe mini faɗan da na yi maka a bakin aikinka. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya shayar da kai daga Alkausara, ruwan da aka ce ya fi nono fari, wanda ba ya cutar da kowa.

Malam Jaji, Buji