Wuyan Tulun Maigidana

Rubuta yadda na faɗa, 'yata. Ko kin ga ina kuka, kada ki tsaya.

Ƙauyenmu a ƙasar Gwiwa cikin kufai yake, inda wani babban gari ya taɓa zama ya watse. Ko sunan sarkinsa ba mu sani ba. Kakar mijina ta ce, ita ma ji ta yi, da mulkin ya faɗi ba kowa ne ya gudu ba. Waɗanda suka rage suka shuka gero a filin kasuwa, suka ɗaure awaki a zauren fada. Rijiyoyi suka rufta, babu mai sa a yashe su. Maƙera suka manta narka tama, sai dai su tsinci tsohon ƙarfe su sake bugawa. Mu jikokinsu ne. Ɗakin aurena ma da ƙasar ganuwarsu aka gina shi.

Maigidana ya rasu da bazara. Ba ni da wani buri da ya rage sai a kwantar da ni kusa da shi. A wurinmu ba a rubuta suna a kabari, fasasshen tulu ake ɗorawa wajen kai. Na ɗauko tulun da yake shan ruwa, na fasa da hannuna, na miƙa wa babban ɗanmu wuyan. Mata ba sa raka gawa. Da suka dawo na tambaye shi, ya ce, "Inna, gindin ganuwa ne, ta gabas. Ba zai ɓace ba."

Ina cikin takaba aka yi ruwa mai yawa. Da na fita, na ce a kai ni in yi masa addu'a.

Ganuwar ta zube ta wannan gefen, ruwa ya share tudun kaburbura. Fili duk fasassun tukwanen mutanen da, ja da baƙi, wuyan tulu nan, wuyan tulu can. Ɗana ya ɗauki wannan ya ajiye, ya ɗauki wancan. Ya kasa duban idona.

Ƙanin mijina, abokin wasana, ya ce, "Haba matar yaya! Mutumin da ba ya son kaɗaici? Ga shi ya samu gari guda na 'yan hira."

Na ce, "Rufe bakinka, ja'iri." Na yi dariya, sai ta koma kuka.

Na durƙusa ina shafa su ɗaya ɗaya, don na san zanen igiya da ke wuyan nawa. Ashe tun zamanin mutanen da, maginan tukwanenmu ba su taɓa sauya zane ba. Duk wanda na taɓa, zanen nan ne. Wata mace ta riƙe shi, ta ba wani ruwa, kuma babu wanda ya san su.

Na ce wa ɗana idan tawa ta zo, ya tona ko'ina a gefen nan. Wataƙila kusa da maigida zan kwanta, wataƙila kusa da mijin wata. Shi ya sa yanzu addu'ata ba ta mutum ɗaya ba ce.