Injiniyar da Ta Ƙi Ɗaura Tsohon Faifai

Kafin masu shara su gama goge baranda, Injiniya ta riga ta iso. Takan ratsa ta gefen ɗakin ɗibar jini, ta gaisa da iyayen da suka yi sammako da 'ya'yansu a kafaɗa, ta gangara zuwa wani ɗan ɗaki marar taga a ƙarshen lungu. A nan abin kiwonta yake: babbar kwamfutar nan da ake ce wa saba, baƙa, doguwa, a tsaye kamar ƙaramin firji. Duk wata kwamfuta da ke asibitin masu sikila, daga ta teburin karɓar kati har ta ɗakin gwaji, a cikinta take zubawa, daga cikinta take ɗiba. Ma'aikata Dogo suke ce mata.

Injiniya ba ta fara taɓa komai sai ta tsaya ta saurari kukan fanka. Sannan ta ɗora bayan hannu a jikin ƙarfen, yadda uwa ke duba zazzaɓi. In ta ji lafiya, ta ce, "To, mun kwana," ta ja kujera.

Makon jiya ta ajiye aiki. Ba a tara mutane ba, ba a ɗauko lasifika ba. Takarda aka miƙa mata a ofis, aka karɓi makulli. To, in masu ofis sun ga damar yin shiru, bakinsu ne. Namu ba a ɗinke yake ba.

Wanda bai taɓa jinyar mai sikila ba zai ce mene ne abin jinjina a gadin akwatin ƙarfe. Ya je ya tambayi babbar nas ta asibitin. Za ta gaya masa cewa yaron da aka sha yi wa ƙarin jini, jikinsa yakan fara ƙin wani jinin, ko da rukuninsu ɗaya. In aka manta irin wanda ya taɓa kayar da shi, aka sake ɗaura masa, ana iya rasa shi ana ji ana gani. Wannan tarihin na kowane yaro a cikin Dogo yake. Uwa takan manta, likita yakan sauya wurin aiki. Dogo ne ba a yarda ya manta ba.

Shekarar da abin da za mu ba ku labarinsa ya faru, tsohuwar sabar ta fara nishi, aka yi odar sabuwa. Kayan suka iso a kwalaye, gunduwa-gunduwa, sai an haɗa. Babbar nas ta ce ranar ta ga Injiniya tana murna kamar wadda aka yi wa albishir da jika. Ta shimfiɗa tabarmar roba a kan tebur, ta kwantar da akwatin ta buɗe gefensa, ta ɗaura 'yar igiya a wuyan hannu ta maƙala bakinta a jikin ƙarfe, don kada wutar jikin mutum ta ƙona kayan. Ta zaunar da babban allon, ta bi notinansa da sukundireba ba tare da ta matse ko ɗaya fiye da kima ba. Ta ɗaga 'yar ƙwaƙwalwar da yatsu biyu ta aza a gurbinta, ta ɗiga mata man sanyi kamar ƙwayar wake, ta kifa mata fanka. Ta danna sandunan ram, masu riƙe wa injin abin da yake aiki a kai, har sai da kowanne ya ce ƙas. Ta sa akwatin wuta, ta kitsa wayoyi ta bayan allo don iska ta samu hanya.

"Ke ko kitson 'yarki ba kya yi wa wannan tsanaki," in ji nas.

"'Yata in na ja mata gashi ƙara take yi. Wannan shiru zai yi, sai ranar da ya tashi rama wa."

Saura fayafayan ajiya, inda tarihin yaran zai zauna. Ta farke ledar na farko, ta juya shi a hannu, sai dariyar ta ɗauke. A bakin ramukan noti akwai zobe-zoben tabo, shaidar an taɓa ɗaure shi a wani injin. Takardar da ke bayansa ta ɗan karkace, an ɓamɓare an sake mannawa. Ta jona shi ta gwada. Shi faifai yana riƙe da tsawon lokacin da ya yi yana juyawa, kuma wannan ya nuna ya yi shekaru yana bauta a wani wuri. Ta gwada sauran, duk kanwar ja ce.

Ta kwashe su ta hau sama wurin Manaja, mai kula da sayayya da ma'aikata. Kowa a asibitin ya san ɗan kwangilar da ya kawo kayan ƙanin matarsa ne. Manaja bai yi mamaki ba, bai ma yi kamar ya yi ba.

"Suna aiki ko ba sa yi?" ya tambaya.

"Yau suna yi, ranka ya daɗe."

"To ki ɗaura. Gobe ta Allah ce."

"Gobe ta Allah ce, amma hannun nawa ne. Ba zan ɗora jinin yaran nan a kan abin da na san ya gaji ba."

Ya cire tabarau ya ajiye. Ya tuna mata cewa takardar ƙarin girmanta tana kan teburinsa, kuma garin cike yake da masu riƙe sukundireba. Ta ce ta sani. Ta ce ya kira duk wanda ya ga dama, amma wanda zai ɗaura su sai ya ji daga bakinta abin da yake ɗaurawa.

Ba a yi sallamar daɗi ba. Da yamma yayarta, wadda ta riƙe ta tun rasuwar mahaifiyarsu, ta zo gidan takanas, don labari ya riga Injiniya isowa.

"Ƙanwata, ki rufa mana asiri. Ke kaɗai ce mai gaskiya a duniya? Ana zaune ƙalau ki jawo wa kanki. Ƙwai ba ya faɗa da dutse."

"Yaya, in yaron wani ya mutu, Manaja ba zai tuna da rana irin ta yau ba. Ni ce zan tuna."

Yayar ta juya ga maigidan, tela ne, yana gefe yana zare zare daga bakin wando. "Kai ba za ka yi mata magana ba?"

Ya ɗago kai. "Yaya, matar da ta mayar da ni kasuwa saboda na sayo soket na jabu? Ni na daɗe da sallamawa." Aka yi dariya, amma da ya ga idon matarsa ya kawo ruwa, sai ya ajiye wandon. "Injiniya, kekena yana nan, ƙafata tana nan. Ko sun kore ki ba za mu kwana da yunwa ba. Ki yi abin da za ki iya kwana da shi."

Ta ji tsoro, kada wani ya ce ba ta ji ba. Ta kai kuka ga babban likita, ya ce zai duba, amma sayayya ba huruminsa ba ne. Sai ga labari cewa an nemo wani daga waje zai zo ya ƙarasa haɗin ranar da ba ta aiki.

Kafin ranar, kwamitin amintattun asibitin ya zauna taronsa. Ba a gayyace ta ba. Sai ta ari keken marasa lafiya, ta ɗora sabuwar sabar a kai, gefenta a buɗe, gurbin faifai wayam, ta jera fayafayan a kan cinyar keken. Ta turo shi ta tsakiyar baranda, iyaye suna matsawa suna kallo. Mai gadin ƙofar taro ya dube ta, ya dubi keken.

"Injiniya, wannan fa?"

"Marar lafiya na kawo."

Har yau in ya ba da labarin sai ya ce shi dai an hana shi shigar da baƙi, ba a hana shi shigar da marar lafiya ba. Ya buɗe mata ƙofa.

Manaja ya miƙe yana cewa wannan rashin ɗa'a ne. Ba ta ko kalle shi ba. Ta gaida dattawan, ta nemi afuwar katse su, ta faɗi abin da ta gani a taƙaice, ba ta ambaci ƙanin matar kowa ba. Ta miƙa faifai ɗaya ya zagaya tebur. Ya isa hannun wata uwa da ke wakiltar iyayen yara, mai 'ya'ya biyu a asibitin. Matar ta shafa tabon notin da babban yatsa, ta daɗe tana shafawa.

"Ni ban san kwamfuta ba," ta ce. "Amma na san tsohuwar tukunya ko an sha mata wanki. A nan za ku zuba min 'ya'yana?"

A zaman nan aka ce a mayar da kayan.

Da sababbin suka iso, Injiniya ta bar ƙofar ɗakinta a buɗe. Ta farke kowace leda a gaban babbar nas da uwar nan, ta zura kowane faifai a gurbinsa, ta haɗa su yadda ko ɗaya ya mutu ɗan'uwansa na riƙe da abin da ke cikinsa. Ta rufe gefen, ta danna maɓalli. Fanka ta ɗauka, fitilu suka yi kore. Ta kwashe tarihin yaran daga tsohuwar zuwa sabuwar, ko na yaro ɗaya bai salwanta ba.

Kada mai karatu ya zaci an ɗaga ta sama. Manaja bai bar kujerarsa ba sai da lokacinsa ya yi. Takardar ƙarin girma ta ɓata a teburinsa, ta sake ɓata. Waɗanda ta koya wa riƙe sukundireba suka wuce ta, wasu ta dawo tana ce musu ranka ya daɗe. A matakin aikin da take lokacin da ta tura keken nan, a nan ta yi ritaya. An taɓa tambayarta ko tana da-na-sani, ta ce, "Ƙwarai. Da na sani na sa wa keken mai, don ƙararsa ta fi maganata tashi."

Injiniya, ke ce murucin kan dutse, ba ki fito ba sai da kika shirya. Ke ce aka nuna wa tsani aka ce ga farashinsa, kika ce a bar ki a ƙasa. Akwai samari da 'yan mata da ke yawo a gari yau, wasu da goyo, wasu da kakin aiki, waɗanda ba su taɓa jin labarinki ba, kuma ba su san an taɓa yin ciniki da ransu an fasa ba. A madadinsu, da madadin iyayensu, mun gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya bar ki da telanki.

Ku kuma da kuka gaje ta, da duk wanda ake miƙo wa kaya a ce ya ɗaura, ko a inji, ko a mota, ko a ginin da mutane za su kwana ciki: za a zo muku. Za a yi muku murmushi, a ce yau ai yana aiki. Ku juya abin a hannu ku duba da kyau. In kun ga tabo, ku ajiye sukundireba.