Ranar da Sauro Ya Juya Mini Baya

Ko za a manta da komai, ni Iliyasu ba zan manta da ranar da sauro ya ci mutuncina a gaban baƙi ba. Ku yaran yanzu da ke ciyar da shi da jinin kwalba, ku zauna ku ji yadda aka yi aikin nan da jiki.

Na shiga cibiyar binciken ƙwari a matsayin masinja, mataki na ƙasa, wanda idan ka leƙa ƙarƙashinsa sai tsintsiya. Bokona ya tsaya a aji huɗu. Shugabar sashenmu Dakta Rahila ce. Da ƙwaron wake ta fara, tun tana ɗaliba tana bin rumbunan Zungur, daga baya ta koma kan sauro: me yake ci, ya yake narkar da shi, me ke kai shi wurin wani ya bar wani. Na sha ganinta tana feɗe cikin sauro da allura a ƙarƙashin madubin ƙara girma, kamar mahauci ya samu raƙumi.

Ga yadda aikin yake, don wanda bai sani ba. Sauronmu a keji aka haife shi, bai taɓa cizon kowa a waje ba, saboda haka ba ya ɗauke da zazzaɓi. Namiji ruwan sukari ya ishe shi. Macen ce sai ta sha jini kafin ta yi ƙwai. To, wani zai zura hannu cikin keji ya daure. Wannan wanin ni ne. Shekara da shekaru ina zura hannu, a ba ni shayi da burodi da ƙwai, Dakta ta ce, "Baba Iliyasu, ba don kai ba da na rufe ɗakin nan." Har a Kasuwar Muda Lawal ana ce mini Sarkin Sauro, ban kuma taɓa hanawa ba.

Sai aka ɗauko Yohanna, sabon mai shara, ƙato mai yawan dariya. Rannan na makara, ya zura nasa hannun. Da na shigo na tarar da Dakta tana cewa, "Ikon Allah! Dubi yadda suka cika ciki!" Ni ba ta taɓa yi wa hannuna ikon Allah ba. Daga ranar shayi ya zama kofi biyu, ƙwai kuwa ɗaya, a raba.

Ana nan sai aka ce masu ba da tallafin bincike za su zo. Dakta ta haɗa akwati mai bututu biyu: mutum biyu su sa hannu, a saki sauro ya zaɓa. Ta ce wanda aka fi so shi zai ci gaba da ciyarwa. Kun ga ke nan sarautata aka ɗora a faifai.

Na shirya kamar Juma'a. Na yi wanka da sabon sabulu, na sa farar riga, uwargida ta turara ni, na ƙara da turaren da surukina ya kawo daga Makka. Ai ba a tarbar baƙi da warin jiki. Yohanna kuwa a kan keke ya taso daga Gwallameji, ya iso gumi sharkaf.

"Baba, yau ɗaurin aure za ka?" in ji shi.

"Sa hannunka, ɗan nan. Waɗannan jikokina ne, sun san ni."

Aka buɗe ƙofar akwati. Jama'a, jikokin nan da na shayar da kakannin kakanninsu suka yi tururuwa zuwa bututun Yohanna. Ɗaya tak ta nufo ni, ta tsaya a tsakiya kamar mai tunani, ta juya. Baƙi suna ta rubutu. Wani har da tafi.

Dakta ta matso, ta shinshina iska, ta rufe baki da gyale.

"Baba, me ka shafa?"

"Ranki ya daɗe, mutunci na shafa."

Ta bayyana wa baƙi cewa gumi da numfashi da ɗumin fata ne ke kiran sauro, ƙamshin da na zuba kuwa ya rufe nawa. Na ce a sake gobe ba wanka. Aka sake. Suka sake bin Yohanna. Ta ce jikinsa ne haka, ba laifin kowa ba. Ni dai na san butulci idan na gan shi.

Aka ba ni sabon muƙami, mai kula da ruwan sukari. Wato ni da mazan sauro, waɗanda ba mai nemansu. Yohanna, Allah ya saka masa da alheri, kullum sai ya turo mini rabin ƙwan. Ina ci, amma ban yafe ba.

Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, masu binciken ƙwari ba su san tsohon ma'aikaci ba, abin da ƙwaro ya ce shi ne hukunci, ko da a kan wanda suke ƙauna. Dakta ta yi hawaye ranar da na yi ritaya, amma ba ta canja sakamako ba.

Yanzu a gida, da damina, uwargida na ta marin jikinta tana tsine wa sauro, ni ko ɗaya ba ya taɓa ni. Ta ce na ji daɗi. Ba ta san da gangan nake barin hannu a wajen gidan sauro ba.