Yadda Ja Ya Gudu Daga Idona

Ɗinkin hula na gada, kuma duk Dala an san ni da abu biyu: iya haɗa kalar zare, da yawan faɗin cewa na iya. Kakanmu daga Barno ya zo da allurarsa, ni kuwa na ɗauka har idonsa ya bar mini. In mutum ya kawo yadinsa, kallo ɗaya nake yi in san zaren da hularsa take so. Da wannan idon nake ci da iyalina, ba gona ba shago.

Da wani tari ya kama ni, ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, na rame har wando yana zamewa, aka gwada majinata aka ce tibi ce. Ma'aikaciyar asibitin ta zaunar da ni tana bayanin magani: wata shida ba fashi, da safe kafin in karya, fitsari zai yi ja kada in tsorata, in kuma na ga canji a idona in dawo maza. Wannan na ƙarshen mai ɗakina ce ta riƙe shi, don tare muka je. Ni hankalina yana bakin ƙofa, ina leƙen kada wani ɗan unguwarmu ya gan ni a layin masu tari.

Maganin nan bai zo da wasa ba. In na haɗiya sai zuciyata ta yi ta tashi har hantsi, ƙamshin ƙosai ma ya zama abokin gaba. Gwiwoyina suka riƙe, in na yi sujada sai na dafa bango nake miƙewa. Fitsari kuwa kamar zoɓo. Duk da an gaya mini, ranar farko sai da na rafka salati a banɗaki, har mai ɗakina ta taho da gudu tana tambaya ko kunama ce.

Ana nan, cikin wata na biyu, sai na ga fitsarin ya daina ja, ya koma ruwan ƙasa. Na fito ina washe baki, na shaida mata jikina ya fi ƙarfin magani, jinin Barebari ba wasa ba. Ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta ci gaba da wanke-wankenta.

A kwanakin ne zare ya fara raina ni. Ja ya dishe, kore ya dishe, duk sun zama abu ɗaya. Na tashi takanas har kasuwa na wanke mai zarena tas, na ce ya koma sayar da koɗaɗɗen kaya. Bawan Allah ya ɗaga damin ja a rana yana ta rantsuwa, ni kuwa na tambaye shi ko yau shi zai koya mini kala.

Sai wani Alhaji daga Koki ya zo karɓar hularsa, fara mai jan zane. Na miƙa masa a zaure da ƙasaita, gaban mutane. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya tambaye ni cikin ladabi ko sabon yayi ne a yi rabin zane ja, rabi kore. Na karɓa na zuba mata ido. Wallahi ban ga inda ja ya tsaya kore ya fara ba.

Mai hankali asibiti zai nufa. Ni na ce kambun baka ne, har na fitar da wanda ya yi, wani maƙwabcinmu mai ɗinki da yake yawan yaba aikina. Na daina amsa gaisuwarsa da kyau. Na sha rubutu, na shafa a ido, na rambaɗa kwalli kamar mai zuwa biki, kuma kowace safiya ina haɗiyar ƙwayoyina ba fashi. Mai ɗakina ta tuna mini gargaɗin ma'aikaciyar nan, na ce ina ruwan maganin ƙirji da ido. Gaskiyar magana tsoro nake ji. Gara in zargi maƙwabci da a ce mini makanta ce, don mai ɗinkin da ba ido ban san me ya rage masa ba.

Ranar da na kasa zura zare a allura ba ta ƙara lallashina ba. Ta yafa mayafi, ta tare adaidaita a ƙofar gida, ta tsaya tana jirana har na ji kunyar mai keken na fito. Likita ya buɗe mini wani littafi mai ɗige-ɗige masu kala, ya ce in faɗi lambar da na gani. Ni dai gero na gani a baje. Ya ce ɗaya daga cikin magungunan ne yake taɓa jijiyar ido ga wasu mutane, za a cire shi in ci gaba da sauran. Fitsarin da na yi ta murna a kansa kuwa bai taɓa daina ja ba, ni ne na daina gani.

“Da ka zo tun farko, da na ce maka duk zai dawo,” in ji shi. “Yanzu sai mu jira.”

Tarin ya warke sarai. Ido ma ya washe a hankali, ina zura allura, ina bin zane. Kore ya dawo rabi-rabi. Ja ne har yau shiru. Kullum da safe mai ɗakina take ware mini zare a kan faifai, ta faɗa mini wanne ne wanne, in fita zaure in zauna ana yabon gwanintata, ina amsawa da Allah ne mai yi.

Ranar ƙaramar salla ta fito daga ɗaki cikin sabuwar atamfa, ta tsaya a gabana tana gyara ɗaurin kallabi. Na ce ai kuwa ruwan ƙasan nan ya karɓe ta.

“Ja ce, Malam,” ta ce a hankali. “Kai ka zaɓo mini ita kafin ciwon. Na ajiye ne sai ka warke.”

Na ce ta ɗan matso cikin rana. Ta matso, na daɗe ina kallo, ita kuma ba ta tambaye ni me na gani ba.