Minti Bakwai na Don Eusebio

Ni ne shugaban hukumar makarantun wannan gari namu na jihar Kansas, mai sa hannu a buɗe filin ƙwallo, mai sa hannu a rufe. Kada ku yi mamakin jin Hausa a bakina, babban mutum ba ya rasa tafinta. Ina sanar da ku rasuwar Don Eusebio Barragán, mai busa begila, ranar Talata sha huɗu ga Janairu da hantsi, yana da shekara saba'in da ɗaya. Yana zaune a kujera ya ce wa matarsa Doña Herlinda ta miƙo masa ruwa. Kafin ta juyo, rai ya yi halinsa.

Don Eusebio, shekara talatin da huɗu ka yi a mayankar shanu ta bakin gari, tsaye cikin sanyi da wuƙa a hannu, har yatsunka suka karkace. Da yatsun nan kake busa a gidajen biki, kai da abokanka biyar masu kiɗan mariyaci, kiɗan gargajiyar ƙasarku ta asali. Burinka ɗaya ne, kuma kowa ya gaji da jin sa: a ba ku filin makarantar sakandare ranar Juma'a, in an tafi hutun rabin lokaci na wasan ƙwallo, ku yi kiɗanku a gaban gari. Shekara sha tara kana kawo takarda ofishinmu, muna ce maka za a duba, don al'adar gari ita ce 'yan makaranta su yi fareti da ganguna. Alhali rabin yaran da ke ƙwallon sunayensu irin naka ne, har da jikanka Efraín, wanda in ka yi masa Sifaniyanci sai ya amsa da Turanci.

An gaya mini ka ajiye wani shaƙiyyin saurayi a ɗakin ƙasan gidanka, Sahabi, mutumin Ƙwanni. Bai yi boko ba, allo kawai, aka ɗauke shi a mayanka don yankan Musulunci. Ya iso garin ba rigar sanyi, ka tuɓe taka ka ba shi. Ka sayi sabuwar tukunya, ka ɗaura mata jan zare a mariƙi, ka ce kada kitsen alade ya taɓa ta har abada. Sakayyarsa kuwa, ya cusa maka safa cikin begila, ya zuba gishiri a gwangwanin sukari. Iyakar faɗanka shi ne, "Ɗana, ranar da Shaiɗan ya yi ritaya, kai za a ba aikin."

A watan Satumba ya wuce gona da iri. Ya faɗa wa wayarsa magana da Hausa, ta juya masa ita Turanci, ya buga a takarda, ya sa sunana a ƙasa, wai hukuma na gayyatarku filin. Nufinsa ka yi tsalle, ya sha dariya, ya faɗi gaskiya kafin a gama cin abinci. Sai ka karanta, ka sake karantawa, ka ninke ka sa a aljihun ƙirji.

Ka ce, "Herlinda, fito min da kayan nan masu maɓallan azurfa."

Ta ce, "Tsoho, tumbin nan zai shiga kuwa?"

Ka ce, "Zai shiga ko don kunya."

Yaron ya sulale ɗakin ƙasa. Kwana uku abinci bai wuce masa ba, yana jin ku kuna gwaji a gareji, yana neman ta inda zai ce maka ƙarya ce ba tare da ya karya maka zuciya ba. Bai samu ba. Kai kuwa ka sanar a coci, ka sanar a mayanka, sannan ku shida kuka sha ado, kuka zo ofishina yin godiya a gaban iyayen yara. Muka duba, muka ga musu zai fi ba mu kunya. Muka ba ku minti bakwai.

Ba a yi wa mamaci ƙarya: filin bai girgiza ba. Wasu sun tashi sayen abinci. Wani daga can sama ya yi ihu ku koma ƙasarku, kuma daga baya abin da ka ce kawai shi ne, "Wacce? Ai gwiwoyina a wannan suka ƙare." Amma matan mayanka sun miƙe suna rera waƙar suna share ido. Efraín ma ya fito daga ɗakin 'yan wasa, hular kwanon da suke wasa da ita a hannu, ya tsaya bakin layi, ya saki irin kuwwar nan taku mai tsawo, wadda ba wanda ya san ya iya. An ci su Efraín a wasan. Da ka tambayi na baɗi, muka ce za a duba.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Doña Herlinda ta kira yaron kicin, ta miƙa masa takardar, ninkinta har ya fara yagewa.

Ta ce, "Ungo, ɗan banza. Tun layin farko ya gane ka. Wane shugaban hukuma ne zai fara takarda da ya iyali, ya gajiya, ya sanyi, ya ƙarfin jiki? Cewa ya yi, shekara sha tara ba wanda ya tambaye shi gajiya a ofishin nan. Wai ƙaryarka ta fi gaskiyarsu ladabi, don haka zai more ta."

To, na gaji da rigar aro. Shugaban hukuma bai rubuta komai ba, ban ma sani ba ko ya ji ka rasu. Ni ne Sahabi. Ni na rubuta waccan, ni nake faɗa wa waya wannan. Wata huɗu ina cin abincin tukunyar jan zare, ina jiran ranar da zan ce ka yafe mini, ashe kana kallona ne kana dariya a ciki. Ka rama, tsoho.

Malamina bai koya mini abin da ake faɗa a kan kabari irin naka ba. Na dai san rahamar Allah ta fi karatuna faɗi, kuma Ya ga rigar sanyin nan. Na bar ka gare Shi. Allah Ya ba Doña Herlinda haƙuri da juriyar ɗaki ba kai, Ya raya Efraín da 'yan uwansa, Ya sanyaya zuciyar abokanka biyar. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

Abokanka sun ce tunda ka tafi ba mai sake kai takarda. Ranar Litinin zan kai ta ashirin, kuma sunana zan sa a ƙasa.

Sahabi, na ɗakin ƙasa.